Kimiyyar Madubin Saiti: Yadda Ake Zaɓen Mai Aiki Kusa da Nesa

Duk wanda ya taɓa ganin maharbin ƙauye ya ɗora bindigar toka a kafaɗa, zai lura da yadda yake runtse ido ɗaya, ya kwantar da kunci, ya daɗe yana saiti kafin ya ja kunama. Wannan daɗewa tana da dalili a kimiyyance. Idon maharbin yana ƙoƙarin ganin abubuwa uku ne a lokaci guda: gindin bututun da ke daf da fuskarsa, da bakin bindigar da ke kimanin mita ɗaya daga gare shi, da kuma gadar da ke can mita talatin a gindin kalgo. Idon ɗan Adam kuwa ba ya iya tsayar da gani tangaran a kan tazara biyu lokaci ɗaya. Mai karatu ya gwada da kansa. Ya miƙe hannu ya ɗaga babban yatsa, ya ƙura wa farcen ido, zai ga bangon da ke bayansa ya dushe. In ya koma kan bango, sai yatsan ya dushe.

Madubin saiti, wato ɗan bututun nan mai gilasai da ake ɗaurawa a kan bindigar farauta ko ta gasar harbi, an ƙirƙiro shi ne domin ya raba ido da wannan wahala. Yana kawo hoton abin da ake kallo da alamar saiti wuri ɗaya, ta yadda ido zai gan su tare ba tare da ɗaya ya dushe ba, sa'an nan ya ƙara wa hoton girma. A wannan darasi za mu duba irin wanda ake iya ƙara masa ƙarfi ko a rage, da lissafin da mai saye yake yi in yana son madubi guda ya yi masa aiki a kusa da nesa. Ya kamata a tuna cewa a Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, kuma mu abin da ya kawo mu shi ne ilimin haske. Dokokin da za mu gani su ne dai ke aiki a cikin tabaran hangen nesa, da na'urar masu safiyo, da madubin masu nazarin taurari, kuma su ne ake tambaya a jarrabawar fiziks ta kammala sakandare.

Asalin abin

Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, shi ne ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, inda ya nuna da gwaji cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1608 wani mai yin tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lippershey, ya nemi hukuma ta ba shi haƙƙin mallakar wani bututu mai kusanto da abin da ke nesa. Galileo ya ƙera nasa a 1609. A 1611 sai Johannes Kepler ya bayyana wani tsari dabam, mai amfani da lensi biyu masu tudu a tsakiya. Lensi shi ne gilashin da aka goge ya zama yana tanƙwara haske, irin na tabarau.

Tsarin Kepler yana da wani abu da na Galileo ba shi da shi. Lensin gaba yana tattara haske ya kafa hoto na haƙiƙa a wani wuri a cikin bututun, hoton da za a iya tare shi da farar takarda a gan shi. Wajen 1640 wani Bature ɗan Ingila mai nazarin taurari, William Gascoigne, ya tarar gizo-gizo ya ja zare a cikin madubinsa, kuma zaren ya faɗo daidai inda hoton yake kafuwa. Da ya leƙa sai ya ga zaren da abin da yake kallo sun fito tare, dukkansu tangaran. Daga nan aka sami dabarar sanya zare biyu a gicciye a matsayin alamar saiti. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an riga an fara ɗaura irin waɗannan madubai a kan bindigogi, kodayake tsawonsu ya kusa kai tsawon bututun bindigar kanta.

Abin da ke cikin bututu

Madubin saiti na zamani ya ƙunshi rukunin gilasai uku. Na farko shi ne lensin gaba, mai karɓar haske, wanda ke kafa hoto a kife, ƙafa sama kai ƙasa. Mai kallon taurari bai damu da wannan ba, domin tauraro ba shi da kai balle ƙafa, amma maharbi ba zai yi aiki da barewa a kife ba. Saboda haka aka sanya rukuni na biyu a tsakiya, wanda za mu kira majuyi, ya karɓi hoton ya sake juya shi ya miƙe. Rukuni na uku shi ne lensin ido, wanda ke aiki kamar gilashin duba ƙananan rubutu, ta cikinsa ake kallon hoton da aka miƙar.

Ke nan hoto yana kafuwa sau biyu a cikin bututun: sau ɗaya a gaban majuyi, sau ɗaya a bayansa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sauya ƙarfi kuwa aikin majuyi ne. Lensunansa suna zaune a cikin wani ƙaramin bututu mai tsagi a karkace. In aka murɗa zoben da ke kusa da ido, sai tsagin ya tura lensunan gaba ko baya, kowanne gwargwadon tafiyar da aka yanka masa, hoton na biyu ya girma ko ya ƙanƙance, alhali yana nan a mazauninsa bai dushe ba.

Yadda ake karanta lambobi

A jikin kowane madubi akan ga rubutu irin wannan: 3-9x40. Lambobi biyu na farko suna nuna ƙarfin kusantarwa, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. A ƙarfi 3, abin da ke mita 90 zai bayyana kamar yana mita 30. A ƙarfi 9 zai bayyana kamar yana mita 10. Lamba ta ƙarshe, 40, faɗin lensin gaba ce a milimita. In aka raba 9 da 3 za a sami 3, wato wannan madubi mai ninki uku ne. An daɗe ana amfani da masu ninki uku da huɗu, amma a yau akwai masu ninki shida, da takwas, har da goma, irin su 1-6x24 da 2-12x50 da 1-10x24.

Yawancin masu saye lamba ta tsakiya suke fara dubawa, su ɗauka wanda ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. A ra'ayinmu wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan fanni, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili.

Faɗin fage

Idan ƙarfi ya ƙaru, filin da ake gani yana raguwa, kusan daidai gwargwado. Madubi 3-9x40 na gama-gari yana nuna fili mai faɗin kimanin mita 11 a nisan mita 100 in yana ƙarfi 3. In aka murɗa shi zuwa 9 sai filin ya koma kimanin mita 4. Shi kuwa 1-6x24, a ƙarfi 1, yana nuna abin da ya haura mita 30.

Domin a ga muhimmancin wannan, bari mu tafi ƙasar Jamus, inda farauta take da tsari da lasisi da jarrabawa, kuma inda maharbi guda yakan yi harbi iri-iri a shekara ɗaya. A lokacin kaka da hunturu akan yi farautar kora. Ana jera maharba a wurare sanannu a cikin kurmi, sa'an nan masu kora da karnuka su taso aladen daji zuwa wajensu. Aladen yakan ɓullo daga cikin itatuwa a guje, a nisan da sau da yawa bai wuce mita 30 zuwa 50 ba, ya ratsa 'yar hanya ya sake shigewa.

A ce alade yana gudun mita 8 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 29 a awa, kuma ya ɓullo a mita 30. Faɗin fage yana tafiya ne da nisa, saboda haka a mita 30 za a ga kashi 30 cikin 100 na abin da ake gani a mita 100. Mai madubi a ƙarfi 9 zai ga fili mai faɗin mita 1.2 kacal, wanda da ƙyar ya ɗauki tsawon dabbar kanta. Aladen zai ratsa wannan fili a cikin daƙiƙa 0.15. Shi kuwa mutum yana bukatar kimanin rubu'in daƙiƙa, wato 0.25, tsakanin ganin abu da motsa yatsa. Kafin ƙwaƙwalwa ta ce ga shi, ya riga ya wuce. Mai madubi a ƙarfi 1, wanda fagensa ya kai mita 36 a mita 100, zai ga kusan mita 11, kuma aladen zai shafe fiye da daƙiƙa ɗaya a cikin ganinsa.

Akwai abin da ya fi rasa alade muni. Duk abin da ke wajen fagen madubi, maharbi ba ya ganinsa: karen da ke bin sawun dabbar, ko mai korar da ya fito ta gefe. Mutumin da ke leƙen duniya ta kafar da ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, bai san abin da zai shigo gaban bindigarsa a daƙiƙa mai zuwa ba. A ƙarfi 1 kuwa ana iya buɗe ido biyu, domin girman hoton da idon dama yake gani ta madubi ya yi daidai da wanda idon hagu yake gani kai tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su. Da zarar an wuce ƙarfi 1.5 ko 2, hotunan biyu sun saɓa, yawancin mutane sai sun rufe ido ɗaya.

Saboda haka lamba ta farko, wadda ba a cika dubawa ba, ita ce ke yanke hukuncin ko madubi zai yi aiki a kusa. Gogaggun maharba sukan bar zoben a mafi ƙanƙantar ƙarfi yayin tafiya. Dabbar da ke nesa tana ba da lokacin murɗa zobe, ta kusa ba ta bayarwa.

Haske da ƙofar ido

In aka riƙe madubi a nesa da fuska aka fuskanci sararin sama da shi, za a ga 'yar da'irar haske tana shawagi a bayan lensin ido. Duk hasken da madubin ya tattara ta wannan da'ira yake fitowa. Faɗinta kuwa ana samunsa ne in aka raba faɗin lensin gaba da ƙarfi. Ga madubi 3-9x40, a ƙarfi 9 da'irar milimita 4.4 ce, a ƙarfi 3 kuwa lissafi ya ba da 13.3. A aikace, a ƙaramin ƙarfi, zobban da ke cikin bututu sukan rage ta ƙasa da abin da lissafi ya nuna, amma wannan ba ya cutarwa, kamar yadda za a gani.

Shi ma ido yana da tasa ƙofar, 'yar baƙar hudar nan da ke tsakiya. Da rana tsaka takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3. Cikin duhu takan buɗe har zuwa milimita 7 a idon matashi, amma da shekaru suka ja sai ta daina wuce 5 ko kusa da haka. In da'irar madubi ta fi ƙofar ido faɗi, ragowar hasken yana zuba ne a gefen ƙofar, bai shiga ba, kamar mai ɗura ruwa a tulu da bokiti. Amfaninsa kawai shi ne ido yana saurin samun hoto ko da kai bai zauna daidai ba, wanda kuwa babban abu ne a harbin gaggawa. In da'irar ta fi ƙofar ido ƙanƙanta, sai hoton ya yi duhu fiye da yadda ido zai gani da kansa.

Wannan ne ya sa maharban Jamus masu kwanton alade a kan dakali da almuru ko a farin wata suka daɗe suna son madubi 8x56. A raba 56 da 8, za a sami 7, daidai da ƙofar idon matashi a duhu. Tabaran hangen nesa na matuƙa jirgin ruwa, 7x50, shi ma lissafinsa ke nan. Amma dattijo mai shekara sittin, wanda ƙofar idonsa ta tsaya a milimita 5, lensi mai milimita 40 zai ba shi haske iri ɗaya a ƙarfi 8. Sauran gilashin nauyi ne kawai yake ɗauka, ga shi kuma babban lensi yana tilasta a ɗaga madubi sama daga bututun bindiga, har kunci ya rasa wurin kwanciya.

Yanzu a duba 1-6x24, wanda muka yaba a kurmi. A ƙarfi 6 da'irarsa milimita 4 ce. Da rana ba laifi. Da magariba kuwa sai a ga hoto ya dushe tun ido bai daina gani ba. Shi 1-10x24 a ƙarfi 10 milimita 2.4 kawai yake bayarwa.

Akwai wata asarar haske ta daban. Duk lokacin da haske ya shiga gilashi ko ya fita, kimanin kashi 4 cikin 100 nasa yana komawa baya, shi ya sa mutum yake ganin inuwar fuskarsa a gilashin taga. Madubi mai lensi 8 yana da fuskoki 16. In aka ninka 0.96 da kansa sau 16 za a sami 0.52, wato kusan rabin hasken ya salwanta a hanya. A 1935 Alexander Smakula, wani masanin fiziks da ke aiki a kamfanin Zeiss a garin Jena, ya fito da dabarar shafa wa gilashi wani siririn rufi mai rage wannan komawa. Da rufi mai hawa-hawa irin na yau, asarar kowace fuska tana iya sauka zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100, sai lissafi ya ba da 0.92. Launin kore ko shuɗi-shuɗi da ake gani a fuskar lensin kyamara, wannan rufin ne. Madubi mai sauya ƙarfi ya fi mai ƙarfi ɗaya yawan lensuna, saboda haka ya fi bukatar rufi mai kyau, kuma a nan ne sau da yawa bambancin mai tsada da mai araha yake ɓoye, domin ba a rubuta shi a cikin lambobin nan uku ba.

Kada a manta da tazarar ido. Bindiga tana naushi da baya in ta tashi, don haka ake tsara madubin saiti yadda ido zai zauna kimanin santimita 8 zuwa 10 daga gilashi. A wasu madubai tazarar tana raguwa in an ƙara ƙarfi, mai harbi ya yi ta matso da fuska bai sani ba, har bakin bututun ya fasa masa gira.

Harbin nesa

Maharbin da ya yi farautar kora a kurmi yana iya hawa tsaunukan Alf, a kudancin Jamus ko a Ostiriya, neman wata akuyar dutse da ke zaune a kan tsaunukan, wadda ba ta cika bari a matso ta ba. A nan harbi yakan kai mita 200 ko 300, kuma matsaloli sababbi sukan taso.

Ta farko ita ce faɗuwar harsashi. Da zarar ya bar bakin bindiga, ƙasa tana jansa kamar yadda take jan mangwaron da ya tsinko. Dokar da ɗalibai suka sani ita ce: nisan faɗuwa daidai yake da rabin 9.8 sau lokaci sau lokaci. Harsashi mai gudun mita 800 a daƙiƙa yana isa mita 100 cikin daƙiƙa 0.125, ya faɗi kimanin santimita 8. Zuwa mita 300 yana bukatar daƙiƙa 0.375, ya faɗi santimita 69. Nisa ya ninka sau uku, faɗuwa ta ninka sau tara. Wannan ma mun yi kamar babu iska ne, alhali iska tana rage masa gudu, faɗuwar gaskiya ta fi haka. Wurin da ake so harsashi ya sama a ƙirjin dabba irin wannan bai fi faɗin faranti ba. Kuskuren kimanta nisa yana nufin a karya mata ƙafa ko a huda mata ciki, ta tsere ta je ta mutu a wahale bayan kwanaki.

Domin gyara wannan ake amfani da ma'aunin kusurwa. Akwai minti na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda yake rufe santimita 2.9 a mita 100. Akwai kuma mil, wato kashi ɗaya cikin 1000 na radiyan, wanda ya fi sauƙin lissafi: santimita 10 a mita 100, santimita 30 a mita 300. Maɓallan da ke sama da gefen madubi suna karkata ƙaramin bututun majuyi kaɗan-kaɗan, kuma a madubai da yawa kowane ƙas ɗaya na maɓalli kashi ɗaya ne cikin 10 na mil, wato santimita 1 a mita 100. Wasu alamomin saiti kuma an zana musu ɗigo-ɗigo a tazarar mil ɗaya, har ana iya auna nisa da su. Turke mai tsawon mita 1 in ya rufe mil 4, to yana mita 250 ne, domin 1000 a raba da 4 ya ba da 250.

A nan ne za mu koma ga wuraren nan biyu da hoto yake kafuwa. Mai ƙera madubi yana iya ajiye alamar saiti a na farko ko a na biyu. In tana na farko, a gaban majuyi, majuyin zai girmama ta tare da hoton, saboda haka ɗigo ɗaya mil ɗaya ne a kowane ƙarfi. Aibinta shi ne a ƙarfi 1 takan ƙanƙance ta zama kamar silin gashi, da wuya a gan ta a cikin duhun kurmi, daidai lokacin da aka fi bukatar gaggawa. In tana na biyu, a bayan majuyi, girmanta ba ya sauyawa, kullum tana fitowa sarai, amma ɗigoginta suna faɗin gaskiya ne a ƙarfi guda kaɗai, yawanci mafi girma. Madubin da aka daidaita a ƙarfi 12, in aka murɗa shi zuwa 6, kowane ɗigo ya zama mil 2. Wanda ya manta da haka zai ga turken nan ya rufe ɗigo 2, ya ce yana mita 500, alhali yana 250. Masu ƙira sukan rage aibin nau'i na farko ta hanyar kunna ɗan jan haske a tsakiyar alamar, amma wannan kuma ya rataya ne a kan batir.

Matsala ta gaba ita ce zamewar hoto. A ɗaga yatsa a saita shi da wani abu a nesa, a rufe idon dama, sa'an nan a buɗe a rufe na hagu, za a ga yatsan ya yi tsalle. Haka yake faruwa a cikin madubi in hoton bai faɗo daidai kan alamar saiti ba: da an motsa kai, sai alamar ta zame a kan abin da ake kallo. Yawancin madubin farauta an daidaita su ne a mita 100 ko kusa da haka. Ga lensi mai milimita 40, mafi girman kuskure a mita 300 shi ne santimita 4, kuma sai ido ya koma can bakin da'irar haske kafin a kai haka. Ga maharbi wannan ƙaramin abu ne. Ga ɗan gasa mai neman tsakiyar takarda babba ne, shi ya sa madubai masu ƙarfi sama da 10 ko 12 sukan zo da maɓalli na uku domin gyara shi.

Sa'an nan ita kanta iska ba gilashi mai tsabta ba ce. Madubi yana girmama duk abin da ke tsakanin ido da dabba. Wanda ya taɓa duban kwalta da rana a watan Afrilu ya ga kawalwalniya tana rawa, ya san yadda zafi yake tanƙwara haske. A ƙarfi 20 wannan rawa takan narkar da hoto gaba ɗaya, sai an rage ƙarfi kafin a ga wani abu. Hazo ma haka ne, ƙarin ƙarfi ba ya huda shi. Rawar hannu da bugun zuciya kuwa, madubi ba ya ƙara su, amma yana nuna su a fili, har mai harbi ya tsorata ya fizgi kunama. Wanda ba shi da abin da zai jingina bindiga a kai, da wuya ƙarfi sama da 6 ya amfane shi.

To, wanne za a zaɓa?

Hanyar da ta dace ita ce mai saye ya fara da tambayoyi uku kafin ya dubi kowace lamba: mene ne mafi kusan harbin da zai yi, mene ne mafi nisa, kuma da wane irin haske. Amsar farko ita ke ba da lamba ta farko. In akwai dabba mai gudu a ƙasa da mita 50, to 1 ne ko 1.5, in an matsa 2. Amsa ta biyu tana ba da lamba ta tsakiya, kuma ba ta da yawa kamar yadda ake zato, domin a ƙarfi 10 dabbar da ke mita 300 tana bayyana kamar tana mita 30. Amsa ta uku tana ba da lamba ta ƙarshe: a ninka ƙarfin da za a yi amfani da shi da magariba da faɗin ƙofar ido. Ƙarfi 8 sau milimita 5 ya ba da 40, sau milimita 6 ya ba da 48.

Da wannan lissafi, maharbinmu na Jamus, mai kurmi da tsauni da kwanton almuru, zai tsaya ne wajen 1.7-10x42 ko 2-12x50. A farautar kora bai kai 1-6x24 faɗin fage ba, a farin wata kuma bai kai 8x56 haske ba, amma yana iya yin dukkan ayyukan uku ba tare da kunya ba. Mu dai in kuɗi ɗaya ne, za mu fifita mai ninki huɗu ko shida da gilashi mai kyau a kan mai ninki goma mai araha, domin kowane ƙarin ninki yana bukatar majuyi ya yi doguwar tafiya, kuma ƙaramin sakaci a yankan tsaginsa yana iya sa alamar saiti ta kauce in an murɗa zobe. Ana gane wannan aibi ta ɗaure madubi a wuri guda, a saita alamar a kan ƙusa a bango mai nisa, a murɗa zoben daga farko zuwa ƙarshe a ga ko ta bar kan ƙusar.

Gwaji domin aji

Malami yana iya nuna kusan duk abin da muka faɗa da kayan da ke ɗakin gwaje-gwaje. A samo lensi mai tudu wanda yake tattara haske a santimita 50, faɗinsa santimita 5, da wani mai tattarawa a santimita 10. A kafa su a kan doguwar rula, tazarar santimita 60 a tsakaninsu, a fuskanci wata bishiya mai nisa ta taga. Ƙarfin wannan madubi shi ne 50 a raba da 10, wato 5, kuma bishiyar za ta fito a kife, irin na Kepler.

A ɗaure siririn zare a tsaye a santimita 50 daga lensin gaba, ɗalibai su leƙa su ga abin da Gascoigne ya gani. A matsar da zaren santimita 3 gaba, su motsa kai hagu da dama, su ga zamewar hoto. Sa'an nan a riƙe farar takarda a bayan lensin ido ana ja da ita baya sannu-sannu. A wajen santimita 12 za a ga da'irar haske ta fito sarai, faɗinta santimita 1, daidai da 5 a raba da 5. Nisan nan na santimita 12 shi ne tazarar ido.

Daga nan a cire lensin ido a sa mai santimita 5, a rage tazara zuwa 55. Kafin kowa ya leƙa, ɗalibai su rubuta a littafinsu abin da suke tsammanin zai faru ga ƙarfi, da faɗin da'irar haske, da tazarar ido, da yawan rassan bishiyar da za a gani. Lissafi zai ba su ƙarfi 10, da da'ira mai milimita 5, da tazarar santimita 5.5. Malami ya tsaya a kan kayan tun daga farko har a kwance su, kuma kada a yarda wani ɗalibi ya juya lensunan wajen rana ko da wasa, domin hasken da ke ƙona takarda a ƙarƙashin lensi yana ƙona cikin ido kafin mutum ya ƙifta.